Igiyar Shanyar Wiebke

A Ellerkoog ba mu cika yarda da rediyo ba. Rediyo na da amfani wajen kiɗa da labarin yanayi. Amma in maganar Tukunya ce, wato tashar nukiliyar nan da aka gina mana a bakin teku bayan ganuwar da ke tare mana ruwa, to igiyar shanyar Wiebke muke dubawa.

Ina wurin aka fara abin, don haka ba ji na yi ba. Mijin Wiebke, Hinnerk Brodersen, yana cikin shugabannin ɗakin da ake juya Tukunyar. Gidansu na kan tudu, irin tudun da kakanninmu suka tara don gudun ambaliya, ko ta ina ka tsaya a garin kana hango bayan gidan. Shekarar da aka kunna tashar, ana ta gardama a shagon Okke kan ko tururin nan na kashe mutane, sai Okke ya nuna taga da wuƙar yankan cuku ya ce, "Ku dubi can. Mutumin da ya san guba na fita, zai bar matarsa ta shanya zanin gadon da zai kwana a kai?" Aka kwashe da dariya. To dariyar nan ce ta zame mana al'ada. Duk Litinin, ranar wanki, kafin mace ta buɗe wa kaji ko namiji ya kora shanu makiyaya, sai an ɗan ɗaga labule an kalli tudu. In fararen zannuwa na kaɗawa, shi ke nan, duniya lafiya.

Wiebke ba 'yar garin ba ce, daga can cikin ƙasa Hinnerk ya auro ta, inda ba su san teku ba sai a hoto. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, in ka gaishe ta ta amsa, in ka tsaya jiran ƙari sai ƙafarka ta gaji. Akwai wata Litinin da mura ta kwantar da ita ba ta yi wanki ba. Ranar nan wani manomi, Momme, ya kulle shanunsa wuni guda, wata tsohuwa kuma ta haɗa akwati ta tafi wurin ƙanwarta. Ba wanda ya faɗa wa Wiebke dalili. Ni ma ban faɗa mata ba, ga shi kuwa gidana na gindin tudun, tagar kicin ɗina na kallon tata.

A kakar da nake ba ku labari, an yi guguwa ranar Asabar irin wadda ke kwashe rufin rumbu ta ajiye shi a gonar wani. Washegari muna coci, fasto ya kai tsakiyar huɗuba, sai jiniyar tashar ta ɗauka. Mun saba jin ta in ana gwaji, amma ba ranar Lahadi ba. Fasto ya rufe littafi, ya ce mu je gida. Ban taɓa ganin ya gajarta huɗuba ba sai ran nan.

Kafin azahar labari ya zaga gari. Ruwan teku ya tsallake ya shiga ɗakin injinan da ke tura wa Tukunya ruwan sanyi, injinan sun mutu. Ita Tukunyar an kashe ta, amma kashewar ba ta isa ba. Hinnerk ya taɓa yi mini bayani a wani biki, bayan ya ɗan sha: "Telse, kin san murhun ƙarfe? Kin kashe wuta amma ba ki isa ki zauna a kai ba. To namu kwana da kwanaki yake yi yana zafi, in ba a ta zuba masa ruwa ba, narkewa zai yi." Na ce masa to a daina kunna shi mana. Ya ce in haka ne in koma dafa shayi da kirare.

Rediyo kuwa ya shiga aikinsa. Da farko ya ce babu abin damuwa. Can ya ce babu abin damuwa, amma a rufe tagogi. Can kuma ya ce babu abin damuwa ko kaɗan, amma kada a fitar da shanu, kada a ci kabejin lambu, kada yara su yi wasa a waje. Na ce da kyanwata, in babu abin damuwa ya ƙara yawa, sai sun ce mu shiga ƙarƙashin gado.

Hanya ɗaya ce tal ke shigowa Ellerkoog ta wuce zuwa tashar. Faɗinta na mota guda ne da ɗan abin da ya ragu, lambatu mai zurfi dama da hagu, ga kuma gadar ƙofar ruwa a bakin gari, wadda ko kekuna biyu sai ɗaya ya jira ɗaya. Ta wannan hanyar motocin 'yan kwana-kwana suka yi ta wucewa, daga garuruwan da ko sunansu ban iya faɗa ba. Sun kafa injinan jan ruwa a bakin babban magudanarmu, suka shimfiɗa mesa kamar hanjin saniya har cikin tashar. Injinan nan ba su san hutu ba, kuma man dizal suke sha kamar yadda marigayi maigidana ke shan giya. Shi ya sa tankokin mai ke ta zirga-zirga, wannan na fita wancan na shiga.

Hinnerk tun safiyar Lahadi aka zo aka ɗauke shi, ko karin kumallo bai gama ba. Na gani, don lokacin ina shayar da furen tagata.

Sai ga Litinin.

Ban taɓa ganin labulen Ellerkoog sun sha wuya irin na safiyar nan ba. Ko wane gida ka duba, akwai hanci a jikin gilashi. Rana ta fito, iska mai kyau ta shanya, irin wadda mace ke gode wa Allah a kanta. Igiyar Wiebke kuwa wayam. Hantsi ya yi, wayam. Daga nan na fara jin ƙarar ƙofofin mota. Maƙwabcina na hagu yana ɗaure katifa a saman mota. Frauke, matar makanike, ga ta da tsohon ciki ga yara biyu, tana tsaye a ƙofa tana kuka da tukunyar miya a hannu, ta rasa inda za ta sa ta.

Na ɗaura ɗankwali na rufe hanci, na ɗauki kofi, na hau tudu aron sukari. Sukarina cike yake da gwangwani, amma mutum ba ya zuwa gidan mutane hannu biyu.

Na tarar da ita zaune a kicin. Kwandon wanki na gefenta, an wanke an matse, zannuwan a naɗe kamar burodi. Wayar tarho na kan tebur, ta jawo ta daga zaure har iyakar igiyarta.

"Shigo, Telse," ta ce. "Ajiye kofin, na san ba sukari ya kawo ki ba."

"Haba maƙwabciya, me kika mayar da ni?"

"Abin da kike. Zauna."

Ta sa mini ƙanƙarar sukari a kofi, ta zuba shayi har ya yi ƙara, ta ɗiga kirim a gefe. Ban kai ga kurɓa ta biyu ba sai ga Okke ya faɗo ba ko ƙwanƙwasawa. A lokacin shi ne magajin gari, ban da shagon. Mun zaɓe shi ne don shi kaɗai ke da wayar da ba ta lalacewa.

"Wiebke," ya ce yana haki, "ya bugo?"

"Bai bugo ba."

"Ko saƙo?"

"Ko saƙo."

Ya cire hula ya murɗa ta, ya kalli kwandon, ya kalle ni.

"Ranka ya daɗe, yi maganarka," na ce. "Ko ka kore ni, ta taga zan ji."

Ya juya wurinta. "Taimako na zo nema. Ki fita ki shanya ko zani ɗaya ne. Ɗaya tak. Mutanen nan duk sun ɗaure kaya. Shugaban 'yan kwana-kwana ya kira ni, ya ce in garin nan ya fito kan hanya da motoci da taraktoci, gadar za ta toshe. In ta toshe mai ba zai shiga ba, in mai bai shiga ba injinan za su tsaya. Kin san wanda ke ciki."

"Na san wanda ke ciki."

"To ki shanya mana. Kin ga, mutanenmu suna... wato akwai wani abu da suke..."

"Suna duba igiyata. Okke, kana tsammani makauniya ce ni? Duk Litinin in na fita da kwando, sai in ga garin nan kaf yana ƙifta mini ido da labule. Tun ranar da mura ta kama ni Momme ya kulle shanu, ban ƙara fashin wanki ba. Da zazzaɓi na yi shanya. Ranar da aka binne uwata, sai da na yi shanya kafin in hau jirgin ƙasa."

Okke ya zama ja har kunne.

"To kin gani," ya ce a hankali. "Yau ma haka."

"A'a. Duk waɗancan ranakun Hinnerk ya dawo gida, ya ci abinci, ya yi minshari. Ban yi wa kowa ƙarya ba. Yau ban san komai ba. In na rataya zanin nan, Frauke za ta buɗe ƙofa ta saki yaranta waje. In ya zamana akwai abu a iskar fa? Kai za ka je ka faɗa mata cewa dabara ce?"

"In babu fa? Mijinki ne, Wiebke!"

Ta daɗe tana kallon wayar. Ni kuwa ina kallonta, kuma na rantse na ga hannunta ya tafi wajen kwandon, ya taɓa zanin sama, ya dawo.

"Mijina ne," ta ce. "Ba zan saye shi da 'ya'yan Frauke ba."

Sai ta juyo gare ni.

"Telse, kin fi rediyo sauri, kuma an fi sauraronki. Bi gida-gida ki faɗa musu abin da kika gani a kicin ɗin nan. Bai bugo ba, ban san komai ba, ban haɗa akwati ba, ba inda za ni. Wanda zai tafi ya tafi, ban hana kowa ba, amma ya bi ta kan ganuwa zuwa Tetenwarf, da ƙafa ko da keke, can akwai jirgin ƙasa. A bar wa motocin mai hanya. Kada ki ƙara, kada ki rage."

"Ko ɗan gishiri?"

"Ko ƙwaya."

Ba a taɓa ba ni aiki mai wuya irin wannan ba. Amma na yi. Na bi layin coci na dawo ta layin makaranta, ina ƙwanƙwasa taga ina magana ta cikin ɗankwali. Wasu suka sauke katifa. Wasu suka ce, "Gwaggo Telse, tsakaninki da Allah, ba ki ga akwati a bayan ƙofa ba?" Na ce har ƙarƙashin tebur na leƙa. Wannan suka yarda, don sun san hali. Wasu kuma da suka ji cewa ita kanta Wiebke ba ta san komai ba, sai tsoronsu ya ninku. Da ma sun ɗauka ta sani tana ɓoyewa ne, wannan ya fi musu sauƙi.

Gonar Momme ce ta ƙarshe, kuma ƙafata ba ta yara ba ce. Kafin in isa ya riga ya fito. Sabuwar taraktarsa ce, koriya, wadda yake goge wa fitila da hankicin aljihunsa, yana jan doguwar tirela cike da shanunsa na tatsa. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini, ya wuce. Da mutane suka ga Momme ya hau hanya, sai motoci suka biyo shi kamar 'yan agwagi.

A bakin gada suka yi kiciɓis da tankar mai. Tankar ta riga ta hau gadar, bayanta akwai wata, bayan wannan kuma motar 'yan kwana-kwana. Momme ba shi da wurin kaucewa, ba shi da halin ja da baya, don motocin gari sun manne masa har kwanar coci. Kowa ya danna oda. Shanu na kuka, yara na kuka, direban tankar, wani ƙato mai jan gemu, ya leƙo yana zagin Momme da harshen mutanen kudu.

"Kai tsoho, ka san abin da na ɗauko? Janye wannan akwalar!"

"Akwala? Uwarka ce akwala! Ni a hanyar garinmu nake!"

Okke na tsakiya yana ɗaga hannu kamar mai korar kaji, ba mai kallonsa. Daga can bayan ganuwa kana jin injinan jan ruwa na gurnani, farin tururi na tashi sama. Duk wanda ya kalli tururin sai ya ƙara danna oda.

Sai ga Wiebke. Ta sako rigar ruwan Hinnerk da takalman roba, ba ko ɗankwali a hanci, tana ratsa tsakanin motoci da lambatu ba gaggawa. Duk motar da ta wuce sai odar ta mutu. Kafin ta iso gaban tarakta, wurin ya yi tsit, sai shanu.

Ta ɗaga kai ta kalli Momme.

"Shekara da shekaru kuna tambayar igiyata," ta ce. "Ga ni. Tambaye ni."

Momme ya kashe inji. "Me Hinnerk ya ce?"

"Bai ce komai ba. Tun jiya da safe ban ji muryarsa ba."

"To za ta fashe ko ba za ta fashe ba?"

"Ban sani ba."

Wata mata ta leƙo daga mota. "Akwai guba a iskar nan?"

"Ban sani ba. Ga ni ina shaƙa kamar ke."

"To me kika sani?" in ji Momme, murya na rawa. Ban taɓa jin muryarsa ta yi haka ba, mutumin da ko a jana'izar matarsa maganar farashin ciyawa ya yi.

"Abu ɗaya. In motar nan ba ta wuce ba, ruwa zai tsaya. In ruwa ya tsaya, ba sai kun tambayi kowa ba. Shanunka ba za su kai ko'ina ba, Momme, ni ma haka, Hinnerk kuwa shi ne na farko."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ni ce da na yi birgima a kwalta.

Momme ya sauko. Ya dubi gaba, ya dubi baya. Dab da inda ya tsaya akwai ƙofar makiyayar coci, ƙaramar ƙofa ce, mota za ta iya shiga, amma tarakta da tirela ba za su iya karya kwanar ba, kuma su ne suka tare ta. Ya zagaya tirelar ya dawo. Ya cire hula ya share goshi.

"Wa ya ce muku ku biyo ni?" ya daka wa na baya tsawa. "Ni fasto ne?"

Ya je ya saki ƙofar tirela. Maza suka fito suka taya shi sauke shanun, aka kora su ta gefen hanya aka tura su makiyaya, suna ta zamewa suna zawo a takalman mutane. Sannan ya hau taraktar, ya kunna, ya karya sitiyari zuwa lambatu, ya sa giya mafi ƙanƙanta, ya diro.

Mun tsaya muna kallo. A hankali ta tafi, kamar tsohuwa za ta shiga wanka. Tayar gaba ta nutse, ta baya ta ɗaga, sai ta kwanta a gefe ta ja tirelar ta bi ta. Ruwan lambatu ya yi tsalle har kan rigar Okke. Injin ya yi tari ya mutu.

Momme ya juya mata baya. "Kada wanda ya yi mini magana," ya ce.

Direban tankar ya sauko, ya zo ya tsaya gabansa, ya miƙa masa taba. Momme ya karɓa. "Akwala," ya ce, ya tofar da yawu. "Ko wata uku ba ta yi ba."

Daga nan motocin gari suka shiga makiyayar ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san ƙasar a jiƙe take bayan guguwa, kowa ya san motarsa za ta kafe har cibiya, kuma duk suka shiga. Maƙwabcina mai katifa ne na farko. Da ta ƙarshe ta kauce, tankar ta wuce, ta biyu ta bi ta, 'yan kwana-kwanan na ɗaga mana hannu. Yara ne ƙanana wasunsu, ko gemu babu, suna tafiya inda mu muke gudu.

Masu tafiya suka hau ganuwa. Kekuna, keken jarirai, amalanken hannu da muke kai giya wajen wasa, an ɗora wa tsofaffi da akwatuna. Tumakin ganuwa suka tsaya suna kallon ikon Allah. Frauke ta tsaya a gindin matakala da cikinta da yaranta, ta kasa hawa ta kasa komawa.

"Anti Wiebke, in tafi ko in zauna?"

"Da ni ce ke, da cikin nan, tafiya zan yi."

"Ke fa?"

"Nawa yana can." Ta sunkuya ta saɓa ƙaramin yaron a kafaɗa. "Mu je, in raka ki."

Har Tetenwarf ta kai su, ta sa su a jirgi, ta juyo ita kaɗai ta kan ganuwa, fuskarta na kallon tururin. Ni ban tafi ba. Na ce wa mutane gwiwa ce ta hana ni.

Mazan da suka rage suka raba aiki a bakin gada, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, da jan ƙyalle a sanda, suna ba motoci hannu. Momme ya fi kowa daɗewa a wurin, wai don ya riƙa ganin taraktarsa. Mu mata muka riƙa dafa shayi da miyar wake muna miƙa wa direbobi ta taga. Mai jan gemun nan duk wucewa sai ya yi wa Momme oda sau biyu, Momme ya ɗaga masa yatsan da ba a ɗagawa a coci.

Kwanakin da suka biyo baya ba daɗi. Rediyo yau ya ce an shawo kan abin, gobe ya ce ana kan shawo kansa. Wasu mutane masu fararen kaya suka zo da wata na'ura mai ƙaf-ƙaf suka bi lambuna, ka tambaye su su ce sai an kai birni an duba. Madara kuwa tatsa ake yi a zubar. Okke ya raba mana ƙwayoyin aidin, wai maganin kariya daga gubar, aka ce kada a sha sai an ba da umarni, rabin gari suka shanye a ranar. Ba mai kallon tudu kuma. Wanda ke son sani sai ya hau ya ƙwanƙwasa, ta buɗe ta ce, "Bai bugo ba," ta ba shi shayi. Ban taɓa ganin baƙi a gidan nan kamar na makon ba. Ta rame, idonta ya faɗa, amma kowa ya zo sai ya sha kofinsa uku.

Wata la'asar, ina fere dankali, sai na ji wani abu ya canza. Na ajiye wuƙa. Gurnanin injinan nan da ya zame mana kamar bugun zuciya, shi ne ya ragu. Na fito ƙofa, na ga wasu ma sun fito, ana kallon juna. Ko sun gama ne, ko mai ne ya ƙare? Ba mai iya tambaya. Can sama a kan tudu Wiebke na tsaye a bakin ƙofarta, ta riƙe ƙyauren da hannu biyu.

Sai ga wata farar mota ta taho daga wajen tashar, ta tsaya a gindin tudu. Wani mutum ya fito, sanye da wata farar riga kamar ta takarda da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarsa, an aske masa kai ƙwal. Sai da ya fara hawan tudun na gane tafiyar. Kayansa duk an karɓe an rufe a ganga don gudun guba, har zoben aure.

Wiebke ba ta ruga ba. Ta jira ya iso, ta kama kunnuwansa biyu kamar mai duba ɗan maraƙi a kasuwa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja shi ciki ta rufe ƙofa.

To ni dai kun san furen da ke ƙarƙashin tagar kicin ɗinsu ya daɗe yana buƙatar a cire masa ciyawa.

Na ji ƙarar cokali, na ji yana ci kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Can ya ce, "An gyara manyan injinan. Ta fara hucewa. Likita ya ce in riƙa zuwa ana duba jinina, ban da haka ba komai."

"Ban da haka," ta ce.

"Ban da haka." Na ji ya ajiye cokali. "Na so in bugo. Layin ɗaya ne, kuma ban san me zan ce miki ba. Mu ma a ciki ba mu sani ba, Wiebke. Zuba ruwa kawai muke yi muna addu'a kada ya yanke."

"Bai yanke ba?"

"Ran Litinin ya kusa. Ban san me ya riƙe motar mai ba." Na ji ya kurɓi shayi. "Af, da muka leƙa gada ɗazu, me taraktar Momme ke yi a cikin lambatu? Motocin gari kuma a makiyayar coci, shanu na soshe-soshe a jikinsu."

Na ji kujera ta motsa. Kafin in miƙe, taga ta buɗe a saman kaina.

"Telse," ta ce, ko kallon ƙasa ba ta yi ba, "shigo ki faɗa masa. Ni na gaji."

Na kaɗe gwiwa na shiga. Ta ɗauko kofi na uku, ta zauna kusa da shi, ta kwantar da kai a kafaɗar rigar takardar nan. Kafin in kai inda Momme ya sauko daga tarakta, barci ya ɗauke ta. Hinnerk ya sa yatsa a baki, ya yi mini alama in ci gaba a hankali.